Karen da Aka Koya wa Duban Fuska

Duk ranar Lahadi, in an taso daga coci an ci abin da za a ci, mazan ƙauyen a kantin Safta suke tarewa, domin ita ce ke da talabijin mai faɗin ƙofa, kuma in za ta zuba wa mutum tsuika, barasar yankin, hannunta ba ya rawa. Da ƙarfe uku ake sa shirin Tiberiu mai horon karnuka. Wani ƙato ne mai aski ƙwal, da baƙar riga da ta ɗame masa ƙirji, yana shiga gidajen mutanen birni inda kare ya gagari masu shi. Zai zura wa karen sarƙa mai haƙora a wuya, ya fizga sau biyu sau uku, in ya ƙi ya kayar da shi ya danne da gwiwa har sai ya daina motsi. Sannan ya ƙyasta yatsu ya ce, "Dube ni." Kafin a sa talla, karen da ya cinye kujerun gida yana nan kwance yana kallon fuskarsa kamar mai jiran hukuncin alƙali.

Shirin minti arba'in ne. Gardamar da ke biyo bayansa kuwa sai Safta ta fara kife kujeru.

Gavril, tsohon mai gadin daji da ya yi ritaya, shi ne limamin masu goyon baya. "Kun ga namiji ke nan," in ji shi. "Kare da doki hannu suke so. In ba ka nuna musu wane ne mai gida ba, su za su nuna maka."

"Kai da matarka ke aika sayen gishiri ta ba ka a rubuce, kai ne mai maganar hannu?" in ji Safta daga bayan kanta. "Wannan ba horo ba ne, tsoro ne. Dubi jelar dabbar nan inda ta shige. Ni ma in ka danne ni da gwiwa zan dube ka, amma kada ka ci abincin da na dafa bayan nan."

Ilarie makiyayi ba ya sa baki. Da hunturu kaɗai ake ganinsa a kantin, don daga watan Mayu har ranar Waliyyi Dumitru, a ƙarshen Oktoba, yana can kan dutse da tumakin ƙauyen. Zai zauna kusa da murhu, hularsa ta fata a gwiwa, yana kallo kamar wanda aka kai bikin da bai san amarya ba. In aka matsa masa sai ya ce, "Waɗannan ai ba karnuka ba ne. 'Ya'ya ne da mutanen birni suka ƙi haifa. Ku yi ta yi, ba ruwan tumakina."

Haka yake gani, har ranar da abin ya hau dutse ya same shi.

Karnukansa uku ne, amma in ya ce "karena" Murgu yake nufi. Yadda ubansa ya yi, da kakansa, haka ya yi da Murgu: idonsa bai gama buɗewa ba ya ɗauke shi daga ƙarƙashin karya ya sa shi ƙarƙashin wata tunkiya da ɗanta ya mutu. Nononta ya sha, a jikinta ya yi barci, warinta ya zama warinsa. Ba a shafa masa kai, ba a kiransa da wasa, ba a ba shi abinci a hannu. Tuwon masara da ruwan cuku ake zuba masa a kwano a tsakiyar garke, mutum ya juya ya tafi. Da ya girma aka rataya masa guntun itace a wuya, wanda ke bugun ƙafafunsa in ya zura da gudu, don kada ya bi barewa cikin kurmi ya bar garke a buɗe. Duk wannan don abu ɗaya ne. Karen garke bai kamata ya san cewa mutum ne ubangidansa ba. Tumaki ne danginsa, bakin kurmi ne wurin da idonsa ke zama. Shekara shida Ilarie yana tare da Murgu bai taɓa sanin launin idonsa ba, kuma a shekara shidan nan kerkeci bai ɗauki ko ɗan tunkiya ɗaya ba. Ita kuwa tsohuwar tunkiyar, haƙoranta sun zube, nono ya ƙafe, amma ya ƙi yanka ta, domin inda ta kwanta nan Murgu ke kwana.

A watan Yuli wani mai keke ya gangaro daga kan tudu, da hular kwano da wando mai kama jiki, ya ratsa tsakiyar garke a guje kamar an koro shi. Duk yaron ƙauye ya san in ka ga garke sauka kake yi, ka zagaya, ka yi wa makiyayi sallama daga nesa. Wannan bai sani ba, ko ya sani bai ga dalili ba. Murgu ya cim masa ya kama shi a ƙwauri ya sauke shi, sannan ya tsaya a kansa yana gurnani har Ilarie ya iso. Ɗinki takwas aka yi wa mutumin. Da Murgu ya so, da ƙafar ba ta je asibiti tare da mai ita ba, amma ba wanda ya rubuta wannan a takarda.

Takardar da ta zo daga ofishin magajin gari gajeriya ce. Kwana talatin. Ko dai a kawo shaidar ƙwararre cewa karen ya horu ba zai sake taɓa mutum ba, ko kuma likitan dabbobi ya hau da allura.

'Yarsa Doina ce ta kawo masa takardar. A birnin Sibiu take aiki, a wani kantin magani. Ta bar motarta inda kwalta ta ƙare ta hau da ƙafa, tana haki, takalmanta sun yi kaca-kaca da kashin tumaki.

"Baba, ka ji abin da na karanta maka kuwa? Kashe shi za su yi."

"Na ji. Kurma ne ni?"

"To na kira mutanen shirin nan na Tiberiu. Sun ce za su zo da kansu, ba ko sisi, kuma takardarsa duk ƙasar nan ana karɓa."

"Mai danne 'yan kwikwiyo?"

"Baba, kana da wani? In kana da wani ka faɗa mini in koma in huta."

Ba shi da wani. Ya dubi Murgu can a gefen garke, ya ba su baya, kansa a ɗage wajen kurmi. Ya ce, "Su zo."

Motoci uku masu hawa dutse suka zo, da mutum tara, da igiyoyin lantarki kamar za a yi wa dutsen tiyata. Ilarie ya karɓe su yadda ake karɓar baƙo a ruga: ya dunƙula tuwon masara da cuku a ciki ya gasa musu a garwashi, ya fito da kwalbar tsuika. Tiberiu ya ci biyu, ya yaba, kuma gaskiya ba mutumin banza ba ne a zaune. Hannuwansa duk tabon cizo ne. Da aka gama ci Ilarie ya jawo shi gefe.

"Ɗana, abu ɗaya zan roƙe ka. Ka hana shi kama masu keke, na yarda, ko ni na gaji da su. Amma kada ka koya masa duban mutum."

"Kamar yaya, bade?" in ji Tiberiu, da sunan girmamawar da ake kiran dattijon ƙauye da shi.

"Idonsa ba nawa ba ne. Na kurmi ne. In ka juyo da shi kaina, wa zai duba can?"

Tiberiu ya yi murmushi, ya yafuto mai kyamara. "Don Allah bade, sake faɗa kamar yadda ka faɗa yanzu. Ya yi daɗi ƙwarai." Ilarie ya sake faɗa, yana jin kansa kamar akuya a kasuwa. Sannan Tiberiu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Na horar da kare ya fi dubu biyu. Kare kare ne, a birni ko a dutse. Wanda ba ya duban ubangidansa bindiga ce da ba ta da mai riƙo."

"Cikin dubu biyun nan, nawa suka taɓa ganin kerkeci?"

Aka yi dariya, har da mai riƙe da fitila. Tiberiu ya ce wannan ma a ɗauka.

Ranar farko Murgu ya kusa raba shi da hannu. Sai da mutum uku suka sa sanduna masu zarge kafin sarƙa mai haƙora ta shiga wuyansa. Tiberiu ya zare wuƙa ya yanke igiyar guntun itacen nan, ya ɗaga shi sama gaban kyamara yana girgiza kai, ya daɗe yana magana a kan zamanin jahiliyya. Suka ɗaure karen bayan bukkar cuku, inda ba ya ganin garke. Kwana biyu ba a ba shi komai ba sai ruwa. Tsohuwar tunkiyar ta bar kiwo ta zo ta tsaya a kusurwar bukkar tana kuka da muryarta da ta shaƙe, sai da aka kore ta don tana ɓata musu sauti. A rana ta uku Tiberiu ya miƙa nama a tafin hannu, Murgu ya ƙi, aka fizgi sarƙa, ya ƙi, aka fizga. Ilarie yana tatsa a can gefe, ya sa goshinsa a cikin tunkiya bai ɗago ba. Ya sha dukan kare da sanda a rayuwarsa, ba zai ce bai yi ba. Amma duka ɗaya ne a kan laifi ɗaya, kare ya koma bakin aikinsa. Wannan kuwa ba laifi ake hukuntawa ba, wani abu ake cirewa daga ciki, a hankali, kamar yadda ake zare ƙashi daga kifi.

A rana ta huɗu aka kayar da shi. Tiberiu ya danne wuyansa da gwiwa, gumi na zuba daga ƙwal ɗin kansa, karen yana ta birgima yana kumfa, har ƙarfinsa ya ƙare, ya saki fitsari a kwance. Tiberiu ya tashi a hankali, ya ƙyasta yatsu. "Dube ni." Murgu ya ɗago kai ya dube shi.

A rana ta biyar aka ce Ilarie ya gwada. Yatsunsa sun sandare da tatsar shekara hamsin, sai a karo na uku suka yi ƙara. "Dube ni," in ji shi. Murgu ya juyo. Ashe idonsa ruwan zuma ne, da ɗan baƙi a gefe. Ya kafe shi da su, ba ƙiftawa, yana jira. Abin da Ilarie bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a wannan lokacin wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya har ƙafa. Dabbar da kerketai ke kauce wa, ga ta tana jiran motsin yatsansa. Daga baya ya yafe wa Tiberiu abubuwa da yawa, amma wannan daɗin bai yafe wa kansa ba.

Suka tafi suka bar masa takarda mai hatimi biyu. Doina ta kai ofis, aka ce magana ta ƙare. Murgu ya tsira.

Motocin ba su gama ɓacewa ba Ilarie ya sassaƙa wani guntun itacen ya mayar masa a wuya, ya kai shi tsakiyar garke ya zuba masa tuwo ya juya. Bai yi taku ashirin ba ya ji numfashi a bayansa. Ya kore shi. Karen ya koma taku goma ya kwanta, ya ba tumaki baya, idonsa a kan hannun Ilarie. Ya jefe shi da hoge, ya zage shi har uwar da ta haife shi da wadda ta shayar da shi. Duk abin da ya yi, karen sai ya ƙara kallonsa don ya gane me ake so. Ta yaya za ka umarci kare da ya daina jiran umarni? Ilarie ya ce wa kansa lokaci zai gyara, warin tumaki zai dawo da shi. Sauran karnukan biyu matasa ne, ba sa tashi sai Murgu ya tashi, sai su ma suka koma zaman kusa da bukka.

Gavril ya hau karɓar cukun tumakinsa a farkon Satumba, ya tarar da wasu masu keke su biyar suna wucewa. Ilarie ya ƙyasta yatsu, Murgu ya kwanta kamar an kwashe masa ƙafafu, masu keken suka tsaya suna ɗaukar hoto.

"Ka gani ko?" in ji Gavril. "Karen bana shi ke maganin zomon bana. Da kana mana kallon sakarkaru."

"Ɗauki cukunka ka sauka kafin ruwa ya sauko," in ji Ilarie.

Ana saura mako uku a sauko da garke, aka wayi gari da hazo mai kauri, irin wanda mutum ba ya ganin ƙarshen sandarsa. Da hantsi Ilarie ya kai tumakin gangaren da ke kusa da hanyar masu keke, don can ciyawa ta rage. Ya zauna a kan dutse ya lulluɓa da bargonsa na fata, ya ciro burodi da albasa. Murgu yana kwance a ƙafarsa. Can sai karen ya miƙe tsaye. Gashin bayansa ya tashi tun daga wuya har gindin jela, jikinsa na rawa, wani gurnani na fita daga can cikin ƙirjinsa. Ya yi taku ɗaya wajen hazon. Sannan ya tsaya, ya waiwayo, ya dubi Ilarie.

Ilarie ya kasa kunne. Ya ji tsakuwa na gangarowa ta wajen hanya. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne hular kwano, da ɗinki takwas, da maganar da aka gaya wa Doina a ofis cewa in aka sake, ba wata takarda, allura ce kawai. Ya ƙyasta yatsu. Wannan karon sau ɗaya suka yi ƙara.

"Kwanta."

Murgu ya kwanta. Yana kuka ƙasa-ƙasa, faratansa na tonon ƙasa, amma ya kwanta, idonsa bai bar hannun ba.

Sai ƙararrawar ragon gaba ta kaɗa da ƙarfi, garke ya tarwatse kamar an watsa tsakuwa a ruwa. Cikin hayaniyar ya ji wata murya shaƙaƙƙiya da ya sani, ta yi kuka sau ɗaya, ba ta ƙarasa na biyun ba. Ya zabura yana ihu, "Je ka, je ka," yana tuntuɓe da sandarsa. Murgu ya tashi da gudu, ya yi nisa kaɗan, ya sake tsayawa ya waiwayo don ya tabbata.

Da hazon ya yaye bayan azahar ya same su. Tumaki huɗu a warwatse a bakin kurmi, kerketai sun farke musu wuya. Tsohuwar tunkiyar ita ce ta fi kusa, don ba ta iya gudu. An buɗe mata ciki an ja kayan cikin har cikin ciyawa. Murgu ya zo ya shinshina ta tun daga kai har ƙafa, ya zagaya ta sau biyu. Ilarie ya tsaya yana jira ya ga ko wani abu zai farka a cikinsa, ko zai ɗaga kai ya bi sawu kamar da. Karen ya gama shinshinawa, ya dawo ya zauna a gabansa, ya ɗago ido.

Akwai abin da ake yi wa karen da aka zubar da jini a garkensa yana kwance. Ba ya sake hawa dutse, kuma ba a ciyar da shi da hunturu. Ilarie yana ɗan shekara tara ya ga ubansa ya ja wani kare zuwa bayan itatuwa da gatari a hannu, ya dawo shi kaɗai ya wanke hannu ya ci gaba da tatsa. Ba mugunta ba ce, sauran karnuka ne ake tsoron su koya. Kowa a ƙauyen ya san wannan, kuma da aka sauko da garke ranar Waliyyi Dumitru kowa ya ga Murgu yana bin diddigin Ilarie, ba wanda ya ce komai a gabansa. Masu tumakin da aka kashe ma ba su ɗaga murya ba. Shirun nasu ya fi zagi ciwo.

A Lahadi ta biyu ta Nuwamba aka sa shirin. Kantin Safta ya cika har ƙofa, mata ma sun zo, Doina ta taho daga Sibiu da kek a kwali. Aka nuna dutsen da kiɗa mai ban tsoro. Aka nuna Murgu yana kumfa a kan sandunan zarge. Aka nuna Ilarie da hularsa yana cewa, "Kada ka koya masa duban mutum," aka tsayar da hoton a kan bakinsa mai giɓi, mutanen da ke zaune a ɗakin shirin suka fashe da dariya. Ba a sa tambayar da ya yi a kan kerkeci ba.

Da yake shiri ne na musamman, sun gayyato wata likitar dabbobi mai farin gilashi don ta ƙalubalanci Tiberiu. Ta iya magana. Ta ce abin da aka yi wa karen nan azaba ce, yunwa da shaƙa da danniya, kuma da an ba ta wata uku da 'yan gutsattsarin nama da haƙuri, da ta kai shi ga wannan zaman lafiyar ba tare da ya zubar da fitsari ba. Tiberiu ya ce wata uku ba ta cikin takardar magajin gari, kwana talatin aka bayar, kuma da an jira haƙurinta da yanzu karen yana rami. Suka yi ta yi, ana tafa wa wannan ana tafa wa waccan. Sai ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya ciro guntun itacen nan da ya yanke, ya ajiye a gabanta.

"Wannan na samu a wuyansa. Shekara shida ba wanda ya taɓa shafa masa kai. Ni ne azzalumin?"

Likitar ta ɗauki itacen da yatsu biyu, ta ce a nan kam ba ta da ja, abin kunya ne a ce har yau ana haka a ƙasar nan. A kan wannan kaɗai suka haɗu. Aka rufe da hoton Murgu kwance a ƙafar Ilarie yana kallon fuskarsa, rana na faɗuwa a bayansu, aka rubuta lambar da masu kallo za su aika saƙo su zaɓi wanda ya fi gaskiya.

"Itacen nan doka ce ta ce a rataya," in ji Gavril. "Ni da kaina na sha cin tarar makiyaya a kansa. Amma ban da wannan, mutumin ya yi aikinsa. Kare yana raye ko ba ya raye?"

"Matar ta fi shi gaskiya," in ji Safta. "Da lallami ma da an kai can."

"Can ina?" in ji Ilarie.

Shi ne karo na farko da ya sa baki a gardamar ba tare da an matsa masa ba. Aka juyo ana kallonsa.

"Shi da sarƙa, ita da nama. Duk wuri ɗaya za su kai shi, gindin ƙafata. Ni kuwa ba a ƙafata kerkeci ke shigowa ba." Ya sa hularsa. "Ku aika musu saƙon. Ku ce duka biyun sun ci."

Doina ta biyo shi waje. "Baba, ni fa ceton ransa na yi."

"Na sani, 'yata. Kin cece shi. Koma ciki ki raba musu kek ɗin."

Washegari da safe ƙanƙarar farko ta sauka. Ya ɗauki gatari daga bayan ƙofa, bai ko nemi igiya ba, don ba a bukatarta yanzu. Murgu ya bi shi ta bayan gari, suka haye rafi, suka shiga cikin itatuwa har inda ba a jin kukan zakaru. Ya tsaya ya share ƙanƙara da ƙafa. Ya tuna yadda ubansa ya yi: karen wancan lokacin yana ta jan igiya yana waiwayen garke, ƙeyarsa ce kawai a gabanka, ka ɗaga ka sauke, shi ke nan. Ya gyara tsayuwa ya zagaya bayan Murgu. Karen ya juyo. Ya sake zagayawa, karen ya sake juyowa, ya zauna, ya ɗago idanun nan masu ruwan zuma yana bin hannun da ke riƙe da gatarin, yana jira a gaya masa abin da ake so ya yi. Ilarie ya nuna masa kurmi ya ce, "Dubi can." Ba a koya masa wannan ba. Ya karkata kai, ya matso kusa.

Ya daɗe a tsaye har ƙanƙara ta taru a kafaɗarsa. Sannan ya sari wani busasshen reshe da gatarin, don kada a ce ya fita da shi a banza, ya saɓa a kafaɗa suka koma gida.

Murgu yana nan a tsakar gidan Ilarie, ya yi ƙiba, yaran makwabta suna shafa masa kai. Da bazara ta zo Ilarie ya karɓo wani ɗan kwikwiyo daga ƙauyen da ke bayan dutse ya sa shi ƙarƙashin wata tunkiya, ya kuma gaya wa Doina in ta kuskura ta ɗauke shi a hannu kada ta sake taka masa ruga. Sai nan da shekara biyu za a san ko zai yi. Shi kuwa Murgu, duk lokacin da ƙofa ta buɗe zai miƙe ya kafa ido yana jira. Shi ya sa in Ilarie zai ratsa tsakar gida, ko da rani ne, hannuwansa biyu a cikin aljihu suke.